Darasin lafiya: ciwon asma da maganin shaƙa

Idan hunturu ya shigo, aka fara sussuka da shiƙa, akwai gidajen da ba a samun barci a cikinsu. Yaro ya tashi tsakar dare yana tari, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana fito, ya kasa kwanciya sai dai ya zauna yana haki. Da gari ya waye sai ya ji sauƙi, har ya fita wasa. Bayan mako biyu abin ya dawo. Da yawanmu mun san irin wannan yaro, ko wata uwa a zumuntar mata wadda hayaƙin murhu yake sarƙe mata numfashi. Sau da yawa wannan asma ce.

A cikin huhu akwai ƙananan hanyoyin da iska take bi. Ga mai asma, waɗannan hanyoyi suna kumbure a ciki ko da yana jin lafiya. Idan ya shaƙi ƙura, ko ƙaiƙayi, ko hayaƙin itace, ko na maganin sauro da ake ƙonawa, ko ya kamu da mura, sai naman da ya kewaye su ya matse, majina kuma ta taru. Iska ta rasa hanya. Asma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ware wa mai ita kwano ko tabarma. Kada kuma mu haɗa ta da tarin fuka. Wanda ya wuce mako biyu yana tari, yana ramewa, yana zufa da dare, ya je a gwada majinarsa, gama maganin tarin fuka daban ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma, kuma 455,000 suka mutu saboda ita. Yawancin waɗanda suka mutu suna ƙasashe marasa ƙarfi ne irin namu. Ba don asmar tamu ta fi ta Turai zafi ba. Can ana gane cutar da wuri, magani kuma yana kusa.

Maganin shaƙa iri biyu ne, kuma a nan ne muka fi yin kuskure. Na farko shi ne mai buɗe hanya, salbutamol, wanda yawanci yake zuwa a shuɗin gwangwani, wasu sun san shi da sunan Ventolin. Yana sassauta matsewar cikin 'yan mintoci, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyu shi ne na kariya, kamar beclometasone ko budesonide. Shi ba a jin aikinsa nan take, a hankali yake rage kumburin, shi ya sa mutane sukan ce ba ya aiki su ajiye shi. Alhali shi ne yake hana mutuwa. Tun 2019 ƙwararrun ƙungiyar GINA, masu ba likitocin duniya shawara kan asma, suka daina goyon bayan a bar manya da matasa a kan shuɗin kaɗai. Akwai kuma wanda ya haɗa ayyukan biyu a abu ɗaya, budesonide da formoterol, sai dai ya fi tsada.

Tsadar ita ce babbar damuwa. Waɗannan magunguna duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ya kamata a same su ko a ƙaramin asibiti. Amma mu duba na kusa da mu. Shuɗin ma ba kullum ba, balle na kariya. A 2023 kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya, darajar naira kuma ta faɗi, sai kuɗin abin shaƙa ya ninka. Uba ya je kemis, ya ji kuɗin, ya dawo da ƙwayoyi a ƙulle a leda. Ba mu ga laifinsa ba. Amma ƙwayar salbutamol tana jinkirin aiki, tana sa rawar jiki da bugun zuciya. Prednisolone kuwa, likita yakan ba da shi na 'yan kwanaki idan ciwon ya tashi sosai, amma shan sa wata da watanni yana iya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi.

Mun sha jin ana cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya dainawa ba, ko kuwa sai wanda ciwonsa ya kai ƙarshe ake ba shi. Ba haka ba ne. Abin shaƙa yana kai ɗan magani kaɗan kai tsaye cikin huhu, inda ake bukatarsa.

Ga abin da ba ya cin kuɗi. Yawancin mutane suna fesa maganin ne ya tsaya a baki da maƙogwaro, rabin kuɗinsu ya tafi a banza. A 1999 likitoci a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana taimaka wa yara kamar kwalbar shaƙa ta kanti. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma. A huda gindinta daidai girman bakin abin shaƙa, ya shiga ya matse ba tare da kafar iska ba. A girgiza maganin, yaron ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar. Sai a sake idan an ce ya sha biyu. Manya ma su yi haka. Bayan shaƙar na kariya a kurkure baki a zubar.

Idan ciwon ya tashi, a zaunar da mutum, kada a kwantar da shi. A ba shi shuɗin ta gora, fesa ɗaya bayan ɗaya, ana barin kamar minti guda a tsakani, har zuwa goma. Idan ya kasa ƙarasa magana, ko jariri ya kasa shan nono, ko fatar tsakanin haƙarƙari tana lotsawa, ko leɓe ya canja launi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da tsakar dare ne, ana ci gaba da ba shi a hanya.

Sa'ad da muka taru, bari mu ƙidaya masu asma a ikkilisiyarmu, da yawan waɗanda suke da na kariya a cikinsu. Wanda yake ƙarar da shuɗin gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗari, to wa zai raka shi ya ga ma'aikacin lafiya? Mu tattauna ko asusun taimakonmu, ko adashin mata, zai iya sayen abin shaƙa a sari daga amintaccen wuri, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Wa yake da babur da za a iya tashinsa da dare? A zo da gora ɗaya taro na gaba, mu gwada huda ta tare.