Darasi: A sa wa akwatin wifi kwaɗo

A yau gidaje da yawa, birni da ƙauye, suna da akwatin wifi. Kamfanonin waya, irin su Airtel da Moov, suna sayar da shi. Ana sa masa sim, a zuba kuɗɗi, shi kuma ya raba intanet ga wayoyin gida.

Amma rezo ba ya tsayawa a bakin darni. Yana kaiwa gidan maƙwabta da bakin hanya. Manomi ba ya barin rumbu buɗe. Haka akwatin wifi ma yake son kulli.

Mene ne hatsarin?

In baƙi suka shiga, megar wata guda takan ƙare cikin kwana kaɗan. Intanet kuma ta yi nauyi. Mafi muni, mugu yana iya canza tsarin akwatin. Sai ya tura mutanen gida zuwa shafin ƙarya, ya sace kode na ajiyar kuɗɗinsu.

Makulli biyu

Akwatin yana da makulli biyu. Na farko shi ne kode na wifi, wanda ake bugawa cikin waya. Na biyu shi ne kode na ɗakin gyara, inda ake tsara akwatin. Wanda ya riƙe na biyu shi ne mai akwatin.

Sau da yawa duka biyun suna rubuce a bayan akwati. Duk wanda ya ɗaga shi ya karanta. Kode na ɗakin gyara kuwa galibi kalma guda ce, admin, kuma kowa ya san ta. A shekara ta 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban na'urori a duniya. Kode wajen 60 na kamfani kawai ta riƙa gwadawa. Masu na'urorin ba su taɓa canza su ba.

Yadda ake yi

1. Mai gida ya haɗa wayarsa da wifin. Ya buɗe Chrome, ya rubuta lambar da ke bayan akwati. Galibi 192.168.1.1 ce, ko 192.168.0.1, ko 192.168.8.1.

2. Ya fara da canza kode na ɗakin gyara. Wannan ba a faɗa wa kowa.

3. Ya canza kode na wifi. Akwati ba ya karɓar ƙasa da harafi 8. Lambar waya a Nijar ma 8 ce, shi ya sa mutane ke sa ta. Kuskure ne, don duk unguwa ta san ta. Kada a sa sunan yaro ko 12345678. A haɗa kalmomi uku ko huɗu da lambobi, su kai harafi 12 ko fiye. Ga misali: tulu7rakumi3gero. Kowa ya ƙirƙiro nasa, kada a kwafi wannan.

4. Ya duba irin kwaɗon. WEP tsoho ne, tun 2001 masana suka nuna yana karyewa. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. A zaɓi WPA3 in akwai, in babu a zaɓi WPA2.

5. Ya kashe WPS. Hanya ce ta shiga ba tare da buga kode na wifi ba. A 2011 aka gano tana da rauni.

6. Ya rubuta kode biyun a takarda, ya ajiye tare da takardun gida.

Bayan an kulle

Wayoyin zamani suna iya nuna kode a cikin zane mai ɗigo-ɗigo. Yaro ɗaya ya nuna zanen, abokai goma su ɗauka. Saboda haka mai gida ya riƙa duba jerin wayoyin da ke haɗe. In wayoyin gida 5 ne, ya ga 9, ya canza kode ranar nan.

Taimakon maƙwabci abu ne mai kyau. Wasu akwatuna suna da rezo na baƙi, mai kode dabam. Shi ake ba maƙwabci da baƙo.

In an manta kode, akwai ɗan rami a jikin akwati. A danna shi da tsinke kamar daƙiƙa 10. Akwatin zai koma yadda ya fito daga kamfani, sai a sake aikin daga farko.

A sani kuma, tun 2019 ƙasar Nijar tana da doka a kan laifuffukan intanet. Shiga na'urar wani ta hanyar zamba laifi ne.

Tambayoyi

1. Makulli nawa akwatin wifi yake da su?
2. Don me lambar waya ba ta dace da kode ba?
3. Wane kwaɗo ya kamata a zaɓa?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta matakai shidan nan cikin littafinsa, ya karanta wa mai akwati na garinsu.