Zoben Baiko Na Daimon: Yadda Aka Gina Farashinsa, Da Yadda Ya Fara Zubewa

Tun a shekarar 1776 masanin tattalin arzikin nan ɗan yankin Sikotilan, Adam Smith, ya jefa wata tambaya wadda har yau ake gwada ɗalibai da ita: me ya sa ruwa, wanda babu rayuwa sai da shi, yake da araha, alhali kuwa daimon, wanda ba a ci ba a sha, yake da tsadar gaske? Amsar da masana suka bayar daga baya ita ce ƙaranci. Ruwa yana ko'ina, daimon kuwa sai an tona. Wannan amsa daidai take, amma ba ta cika ba, domin ƙarancin daimon a kasuwar duniya shirya shi aka yi, haka ma sha'awar da jama'a suke yi masa. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a cinikin zoben baiko, watau zoben da saurayi yake bai wa budurwa ranar da ta amince za ta aure shi.

Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, sinadarin kabon ne zalla, irin wanda yake cikin gawayi da bakin fensir, sai dai zafi da matsi na ƙarƙashin ƙasa sun mai da shi abu mafi tauri a cikin ma'adinai. Shekaru aru-aru kusan daga Indiya kaɗai ake samunsa, sannan aka gano shi a Barazil a ƙarni na 18. A wancan zamani kayan sarakuna ne. Masu tarihi sukan ambaci zoben da Maximilian na Ostiriya ya bai wa Mary ta Burgundy a shekarar 1477 a matsayin ɗaya daga cikin zobban baiko na daimon na farko da aka rubuta labarinsu, amma talaka bai san ana yi ba.

Al'amarin ya sake ne bayan da aka tsinci daimon a Afirka ta Kudu a shekarar 1867, aka kuma buɗe ramukan Kimberley a 1871. Nan da nan dutsen da ake ƙirgawa ɗai-ɗai ya fara fitowa da yawa, masu jari kuma suka ga cewa idan kowa ya tona ya kai kasuwa, farashi zai karye. Maganin da suka samo shi ne haɗe ramukan a hannu ɗaya. A shekarar 1888 Cecil Rhodes ya kafa kamfanin De Beers Consolidated Mines. Ernest Oppenheimer, wanda ya zama shugaban kamfanin a 1929, shi ya ƙarasa aikin, inda a shekarun 1930 ya kafa wata cibiyar saye da sayarwa a Landan wadda kusan dukan ɗanyen daimon na duniya yake bi ta cikinta.

Tsarin wannan cibiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin da wuya a sami misalin babakere a kasuwa da ya daɗe kamarsa. A wancan lokaci sau goma a shekara ake gayyatar zaɓaɓɓun dillalai zuwa Landan, a miƙa wa kowa akwatinsa na duwatsu da farashin da kamfani ya yanka. Babu tayi, babu ragi. Dillalin da ya cika ƙin karɓa yana iya rasa gayyata gaba. Idan kasuwa ta yi sanyi, kamfanin yakan rage abin da yake fitarwa, ya kuma saye na wasu ya jibge a rumbunsa har buƙata ta farfaɗo. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta gano daimon a Saiberiya a tsakiyar shekarun 1950, De Beers bai yi gasa da ita ba, ya yi yarjejeniyar saye mata kayan ne, duk da gabar siyasa da ke tsakanin Mosko da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A shekarun 1980 sama da kashi 80 cikin ɗari na ɗanyen daimon na duniya yana bi ta hannun wannan kamfani.

To amma riƙe kaya ba ya wadatarwa idan babu masu saye. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta durƙusar da cinikin daimon a Turai da Amurka. A shekarar 1938 Harry Oppenheimer, ɗan Ernest, ya nemi taimakon kamfanin talla na N. W. Ayer da ke Filadelfiya. Abin da wannan kamfani ya yi ya bambanta da tallar da aka saba. Bai tallata sunan wani kanti ko wani samfuri ba. Ya sa taurarin fina-finan Hollywood suna sanya daimon, ya riƙa aika wa jaridu labarin irin zoben da wance da wance suka samu, har ya tura masu lacca makarantun sakandare suna yi wa 'yan mata bayani a kan zoben baiko. Manufar ita ce a dasa wa saurayi tunanin cewa girman dutsen shi ne ma'aunin ƙaunarsa da kuma ƙarfin aljihunsa.

A shekarar 1947 wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Frances Gerety ta rubuta ɗan gajeren taken nan mai ma'anar cewa daimon na har abada ne. A 1999 mujallar Advertising Age ta zaɓe shi a matsayin taken talla mafi fice na ƙarni na 20. Masu nazarin kasuwa sun lura cewa taken yana da fuska biyu. Fuskar da ango da amarya suke gani ita ce ta aure mai ɗorewa. Ɗaya fuskar ta kamfani ce: abin da aka ce na har abada ne ba a sayar da shi. Da a ce miliyoyin matan da suke da daimon a akwatunansu suna mai da shi kasuwa duk lokacin da suka shiga matsi, da rumbun De Beers bai iya riƙe farashi ba.

Sakamakon ya wuce yadda aka zata. Ƙididdigar da aka fi ambata ta nuna cewa gab da Yaƙin Duniya na Biyu kimanin kashi 10 cikin ɗari na amaren Amurka ne suke samun zoben daimon, amma zuwa 1990 adadin ya kai kimanin kashi 80. Ɗan jaridar nan Edward Jay Epstein, a binciken da ya wallafa a mujallar The Atlantic a 1982, ya nuna cewa cinikin sari na daimon ɗin De Beers a Amurka ya tashi daga dala miliyan 23 a 1939 zuwa dala biliyan 2.1 a 1979. Misalin Japan ya fi ban mamaki, domin ƙasa ce da ba ta da wannan al'ada ko kaɗan. A 1967, lokacin da aka fara talla a can, amaren da suke samun zoben daimon ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Zuwa 1981 sun kai kimanin kashi 60. Har yawan kuɗin da ya kamata saurayi ya kashe talla ce ta yanka: da fari albashin wata ɗaya, a shekarun 1980 aka ce na wata biyu, a Japan kuwa na wata uku.

Ba za a ɗora komai a kan talla ba. Wata masaniyar shari'a da tattalin arziki, Margaret Brinig, ta kawo wani bayani a 1990. A da, dokokin jihohin Amurka sun bai wa budurwa damar kai ƙarar saurayin da ya fasa aurenta bayan alkawari, ta nemi diyya, saboda fasawar tana rage mata daraja a idon masu neman aure. Daga shekarun 1930 jihohi suka fara soke wannan doka. Brinig ta nuna cewa buƙatar daimon ta fara hawa a daidai wannan lokaci, tun kafin tallar De Beers ta kankama. A ganinta zobe mai tsada ya maye gurbin kotu ne, ya zama kamar jingina: idan saurayi ya gudu, ya bar dukiyarsa a yatsan wadda ya yaudara. Wannan ya dace da abin da masana suke kira aika alama, watau mutum ya kashe kuɗi mai ciwo don ya tabbatar wa wani cewa da gaske yake. Bisa wannan fahimta, tsadar zoben ita ce amfaninsa. Ko alamar tana faɗin gaskiya? Wani bincike da masana biyu na Jami'ar Emory suka yi a 2014 a kan Amurkawa sama da 3,000 bai sami shaidar cewa zobe mai tsada yana tsawaita aure ba. Hasali ma mazan da suka kashe dala 2,000 zuwa 4,000 sun fi waɗanda suka kashe dala 500 zuwa 2,000 yawan rabuwa da matansu.

Ga mai son sanin darajar abin da ke hannunsa, abubuwa huɗu ake dubawa, bisa ma'aunin da cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, ta fito da shi a shekarun 1950: nauyi, launi, tsabta daga tabo, da kyan yanka. Ana auna nauyi da karat, kuma karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Launi yana farawa daga harafin D, wanda ba shi da sirkin launi ko kaɗan, ya gangara zuwa Z. Farashi ba ya tafiya daidai da nauyi: dutse mai karat biyu ya fi ninkin farashin mai karat ɗaya nesa ba kusa ba.

A nan ne bambancin daimon da zinariya yake, kuma a nan ne masu ɗaukarsa ajiyar dukiya suke ruɗuwa. Matar da ta sami sarƙar zinariya a lefenta ta san cewa ranar da buƙata ta taso za ta kai wa mai sayar da gwal, ya ɗora a sikeli, ya biya ta bisa farashin giram na ranar, ya cire ladan ƙira. Giram ɗin zinariya ɗaya yake da kowane giram, ana iya narkar da shi, kuma ana sanar da farashinsa na duniya kullum. Daimon ba ya narkuwa a sake shi, duwatsu biyu ba sa zama ɗaya, kuma kafin ya iso kanti ya bi ta hannun mai haƙa, da dillali, da mai yanka (mafi yawan yankan duniya a birnin Surat na Indiya ake yi), da mai sari, da maƙeri, kowa da ribarsa. Mai kanti yana iya samun irin dutsen a farashin sari, sau da yawa ma bashi, don haka ba shi da dalilin sayen na hannu sai a ƙasa da wannan. Wanda ya mai da zobe kasuwa yakan yi sa'a idan ya sami rabin abin da ya biya. Waɗanda suka gwada zuba jari a daimon a ƙarshen shekarun 1970 sun ɗanɗana: dutse mai karat ɗaya mafi inganci ya haura dala 60,000 a 1980, cikin shekaru biyu kuma ya faɗi ƙasa da rabin haka.

Babakeren De Beers ya fara sassautawa a shekarun 1990. Rasha ta riƙa fitar da kaya ta bayan fage, mahaƙar Argyle ta Ostireliya ta fice daga tsarin a 1996, Kanada ta buɗe mahaƙarta ta farko a 1998. Yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola, inda 'yan tawaye suka sayi makamai da kuɗin daimon, sun ɓata sunan dutsen, abin da ya kai ga kafa tsarin tantancewa na Kimberley a 2003. A shekarar 2000 kamfanin ya daina saye rarar kasuwa yana ajiyewa, kuma daga baya rabonsa ya sauko zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Iyalan Oppenheimer sun sayar da kashi 40 da suke da shi ga Anglo American a kan dala biliyan 5.1 bisa yarjejeniyar 2011.

Bugun da ya fi zafi daga ɗakin gwaje-gwaje ya fito. Tun 1954 kamfanin General Electric ya ƙera daimon, amma ƙanana ne na aikin masana'antu. Bayan shekarar 2010 fasahar ta kai inda ake ƙera manyan duwatsu masu haske cikin 'yan makonni, a Sin da Indiya musamman. Waɗannan ba jabu ba ne. Sinadarinsu da taurinsu ɗaya ne da na haƙowa, ido ba ya bambancewa sai na'ura, kuma a 2018 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta amince cewa su ma daimon ne. A wannan shekarar De Beers ya buɗe nasa reshen, Lightbox, yana sayar da karat ɗaya dala 800, da nufin nuna wa jama'a cewa na ƙerawa kayan ƙawa ne mai araha, na haƙowa kuma shi ne na aure. Masu saye ba su karɓi wannan rabo ba. Binciken da kamfanin harkar bukukuwa na The Knot ya yi ya nuna cewa a 2024 fiye da rabin zobban baiko a Amurka na ƙerawa ne. Farashin na ƙerawa ya yi ta faɗuwa, ya kuma jawo na haƙowa ƙasa. Kuɗin shigar De Beers ya sauko daga dala biliyan 6.6 a 2022 zuwa kimanin biliyan 3.3 a 2024. A watan Mayu na 2024 Anglo American ya bayyana niyyar rabuwa da kamfanin, a Mayun 2025 kuma aka sanar da rufe Lightbox.

Saurayin Amurka ya sami sauƙi, sai dai asarar ta fi sauka a Afirka. Botsuwana, wadda aka gano daimon a Orapa a cikinta a 1967, shekara ɗaya bayan samun 'yancinta, ta gina makarantu da asibitoci da hanyoyi da kuɗin wannan dutse, ta hanyar kamfanin Debswana da take raba shi daidai da De Beers. Tana da kashi 15 cikin ɗari na De Beers ɗin kansa, kuma tun 2013 aka mai da taron dillalai daga Landan zuwa Gaborone. Daimon ne yake kawo mata kimanin kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kayan da take fitarwa waje. A 2024 tattalin arzikinta ya ja baya, kuma a zaɓen watan Oktoba na wannan shekara jam'iyyar da ta yi mulki shekaru 58 ta sha kaye. A watan Fabrairu na 2025 sabuwar gwamnatin Shugaba Duma Boko ta sa hannu a kan yarjejeniya da De Beers, wadda za ta ɗaga rabon da kamfanin gwamnati yake sayarwa da kansa daga kayan Debswana zuwa kashi 30 cikin ɗari, ya riƙa hawa har rabi, tare da tsawaita lasisin haƙa zuwa shekarar 2054.