Amsoshin Tambayoyinku: Birnin Porto

Wani mai sauraronmu daga Jihar Kebbi yana tambaya: me baƙo zai kalla, me kuma zai ci a birnin Porto na ƙasar Fotugal?

To Malam, Porto na bakin kogin Douro. Tun 1996 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ka gangara unguwar Ribeira, ka taka gadar ƙarfe ta Dom Luís da aka buɗe a 1886: jirgin ƙasa a sama, motoci a ƙasa.

Abinci kuwa, ka riƙe kifi, musamman gasasshen sadin. Amma francesinha, burodin nan da ake lulluɓewa da cuku, akwai naman alade ciki, romonsa ma da giya. Ka tambaya kafin ka sa hannu.