Haƙƙin Jinjiri a Kan Iyayensa Daga Wata Shida Zuwa Yaye

 Darasinmu na wannan mako ya shafi abincin da ake haɗa wa jinjiri da nono kafin a yaye shi.

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa, Ya kuma ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa. Haka nan littafin Risala ya bayyana cewa ciyar da 'ya'ya ƙanana waɗanda ba su da dukiya wajibi ne a kan uba. To, abin tambaya shi ne: wanda ya cika wa yaro ciki da abin da ba zai gina jikinsa ba, ya sauke wannan nauyi?

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa a ba jinjiri nono zalla har wata 6. Daga nan nono kaɗai ba ya isarsa, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini, domin wanda aka haife shi da shi ya soma ƙarewa. Sai a fara ba shi abinci, ana kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

A nan ne da yawa daga cikinmu ke kuskure. Sai a dama koko tsararo, a zuba sukari, a ɗura wa yaro, a ce ya ƙoshi. Alhali kuwa cikin jinjiri ɗan ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi babu sauran wurin abinci. Da haka tamowa ke shiga: yaro ya rame, ko ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. A shekarar 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yau ake kira Ghana, ta sanar da duniya sunan da mutanen Ga ke kiran ciwon kumburin nan, watau kwashiyoko, ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Mu ma mun san abin da kwanika ke jawowa.

Ga abin da ya kamata a kiyaye. Na farko, kunun ya yi kauri yadda zai zauna a cokali. Na biyu, a inganta shi da abin da ke hannu: niƙaƙƙiyar gyaɗa wadda aka tsince ruɓaɓɓu daga cikinta, garin soyayyen waken soya, ɗan manja, ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Na uku, kowace rana a yi ƙoƙarin ba shi wani abu daga dabba, ko dafaffen ƙwai, ko hanta, ko nama mai laushi, tare da kabewa, zogale, gwanda ko mangwaro. Na huɗu, daga wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 kuwa sau 3 ko 4. Na biyar, a ware masa ƙwaryarsa, domin idan an haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Sa'an nan a wanke hannu da sabulu, kada kuma a ba shi abin da ya kwana a buɗe.

Har ila yau akwai camfin da ke cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi ɓarawo. Wannan magana ba ta da tushe a addini, kuma abin da Allah Ya halatta ba al'ada ce za ta haramta shi ba. Zuma kuwa, duk da albarkarta, likitoci sun yi gargaɗi kada a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba.

Ya kai maigida, Allah bai kallafa maka abin da ya fi ƙarfinka ba. Amma ka duba: kuɗin goro da shayin da kake kashewa a majalisa zai iya sayen ƙwai ɗaya. Tsokar da ake ajiye maka a miya, ɗan da ke goye ya fi ka bukatarta, domin kai ka gama girma, shi kuwa yanzu ake gina ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa, kuma tsumburewar da ta kama yaro kafin shekara biyu tana da wuyar gyaruwa daga baya. Kiwo ne aka ba ka, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin.