Yadda Ake Atisayen Gudu Kashi-Kashi Kafin Gasar Fanfalaki

Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, daidai da zagaye 105 da rabi na filin tsere mai mita 400. Duk mai niyyar shiga ya san dole ƙafarsa ta saba da dogon gudu. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa, ko su yi shi ba bisa ƙa'ida ba, shi ne gudu kashi-kashi: ka ruga da ƙarfi tsawon wata tazara da aka auna, ka sassauta har numfashi ya dawo, ka sake rugawa, haka har adadin ya cika. Wannan atisaye ne ke ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, shi ya sa saurin da ke wahalar da kai yau zai zo maka da sauƙi bayan wata uku.

Dabarar ta daɗe. Wani koci Bajamushe, Woldemar Gerschler, ya fara tsara ta tun shekarun 1930, kuma ɗalibinsa Rudolf Harbig ya kafa tarihin mita 800 a 1939 da minti 1:46.6. Emil Zatopek na Chekoslobakiya, wanda ya shahara da maimaita mita 400 sau da yawa a rana guda, ya cinye zinare uku a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952: mita 5,000, mita 10,000, da fanfalaki, alhali bai taɓa shiga fanfalaki ba kafin ranar. Har gobe 'yan tseren Kenya a Iten da Eldoret sun ware ranar Talata don filin tsere.

Matakin farko, kada ka yi gaggawar shiga fili. Sai ka shafe mako shida zuwa takwas kana gudun sannu, kilomita 30 zuwa 40 a mako, ba tare da gwiwa ko ƙwauri sun dame ka ba. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ciwon suga ko sikila, ya fara ganin likita. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ya jira ƙarfinsa ya dawo.

Na biyu, ka san filinka. Layin farko, na can ciki, shi ne mita 400 cif. Na biyu ya fi shi da kusan mita bakwai, na takwas kuwa ya haura mita 450, saboda haka idan ka auna lokacinka a layin waje lissafi zai ruɗa ka. Ana zagayawa ne ta hannun hagu, kuma ladabin fili shi ne mai gudu da ƙarfi ya riƙe layin ciki, mai hutawa ya koma na waje. In babu filin tsere a garinku, filin ƙwallo cikakke, mai tsawon mita 105 da faɗin 68, kewayensa mita 346 ne. Ko ka bar awo ka kama agogo: minti uku da ƙarfi, minti biyu a hankali.

Na uku shi ne fitar da saurinka, kuma a nan aka fi yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Bart Yasso na mujallar Runner's World ta Amurka ya yaɗa. Ka ɗauki lokacin da kake burin gama fanfalaki, ka mayar da awa minti, minti kuma sakan, ka yi mita 800 a cikinsa, kana ƙara yawan maimaitawa a hankali har ya kai guda goma. Mai burin awa 4 zai yi mita 800, wato zagaye biyu, a minti 4:00, kowane zagaye minti 2:00. Mai burin awa 3 da minti 30 zai yi a minti 3:30, kowane zagaye 1:45. Ka lura, mai burin awa 4 a ranar gasa zai riƙa cin kilomita ɗaya ne a minti 5:41, kimanin 2:16 a zagaye. Ke nan sakan 16 kawai ya ƙara wa saurinsa a kowane zagaye, ba gudun ceton rai aka ce ya yi ba. A ganina lissafin Yasso ma'auni ne mai kyau na atisaye, amma ba alkawari ba ne. Wanda bai kai dogon gudunsa kilomita 30 ba, ko ya cika 800 ɗin guda goma, hanya za ta tona masa asiri bayan kilomita 32.

Na huɗu, ɗumama jiki. Sassarfa ta minti 10 zuwa 15, sai ɗaga gwiwa da wurga ƙafa, sannan ka ɗan miƙe da sauri mita 80 zuwa 100 sau huɗu. Da sanyin hunturu ka ƙara lokaci, domin tsoka mai sanyi ce ke yagewa.

Yanzu sai aikin kansa. A ce burinka awa 4 ne, yau kuma 800 guda biyar za ka yi. Ka tsaya a bakin layi, yatsa a kan agogo. Da ka tashi, jiki sabo ne, ƙafa ba nauyi, zuciya za ta raya maka cewa saurin minti 2:00 a zagaye ya yi maka kaɗan. Kada ka biye mata. Ka duba agogo a rabin zagaye, daidai mita 200: in ka ga minti ɗaya, kana kan hanya, in ka ga sakan 50, ja da baya nan take. Ka saki kafaɗa, kada ka dunƙule hannu da ƙarfi, idonka a gaba ba a ƙasa ba. Da ka ƙetare layi bayan zagaye na biyu, danna agogo ka koma layin waje.

Sau da yawa za ka ga sabon shiga ya yi na farko a 3:35, na biyu a 3:55, na uku a 4:20, na huɗu kuma yana durƙushe ya dafa gwiwa, amai na taso masa. Ya sha wahala fiye da kowa a filin, amma bai samu abin da ya zo nema ba. Wanda ya yi 4:01, 4:00, 3:59, 4:00, 3:58 shi ya yi atisaye, domin abin da fanfalaki ke tambaya ke nan: ka riƙe sauri ɗaya bayan gajiya ta shigo. Ƙa'idar da nake so ka riƙe ita ce na ƙarshe kada ya fi na farko jinkiri, kuma ka bar fili kana jin da an matsa maka za ka iya ƙara ɗaya. In biyu a jere suka zame da sakan biyar ko fiye, ka tsaya, na ranar ya isa.

Hutun da ke tsakani ma aiki ne. Kada ka zauna, kada ka kwanta. Ka yi sassarfa a hankali tsawon lokacin da ka yi gudun, wato minti huɗu a misalinmu. Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell sun yi amfani da bugun zuciya: ya hau wajen 180, a jira ya sauko 120 kafin a sake tashi. Kana iya gwadawa ba tare da wata na'ura ba. Ɗora yatsu biyu a gefen wuya ka ƙirga na sakan 15. In ka samu 30 ko ƙasa, ka shirya. Bayan na ƙarshe, ka rufe da sassarfar minti goma, ka sha ruwa, ka rubuta lokutanka a littafi tun ba ka manta ba.

Sau nawa? Sau ɗaya a mako ya wadatar. Gishiri ne a miya, kusan kashi 80 cikin ɗari na gudun mako ya kamata ya zama na sannu, irin wanda za ka iya hira a cikinsa. Ka bar aƙalla kwana biyu tsakanin ranar fili da ranar dogon gudu, misali Talata da Asabar. In shirin mako 16 ne, fara da mita 400 guda shida a mako biyun farko. Daga nan ka koma 800 guda huɗu, kana ƙara ɗaya kowane mako, amma duk mako na huɗu ka rage jiki ya farfaɗo. Jefi-jefi ka musanya da masu tsawo, kamar mita 1,000 guda biyar ko 1,600 guda huɗu, a saurin da ya ɗan gaza na 800. Goman nan ta Yasso ka ajiye ta sai saura mako uku gasa.

Sai batun yanayi. Gasar fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin ta, saboda haka ɗan arewa zai yi shirinsa ne a cikin hunturu, iska busasshiya mai sanyi, sannan ya je ya tarar da zafi mai gumi. Ka saba da shan ruwa tun a gida, kuma ranar da hazo ya yi kauri ka ɗage atisayen fili, musamman in kana da asma. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke kai maki 40, bayan sallar asuba ne lokacinka. Da azumi kada ka yi wannan gudu da rana. Ka bari sai an sha ruwa abinci ya faɗa, ka kuma rage adadin.

Ciwon ƙirji, jiri, ko zafi mai suka a ƙashi ko gaɓa ba gajiya ba ce, ka tsaya nan take ka nemi likita. Atisayen fili na ƙarshe ya kasance saura kwana goma gasa, kuma kada ya wuce 800 guda huɗu. Daga nan sai gudun sannu da isasshen barci har ranar tashi.