Ka Yafe, Amma Ka Saki?

Ɗan'uwa, da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari. Inda muke karanta "gafarta", kalmar sau da yawa afiyemi ce, wato a saki, a bari. Da ita Markus ya faɗi yadda Siman da Andarawas suka bar tarunsu (1:18), da yadda masassara ta saki surukar Siman (1:31). Ba sauƙi-sauƙi ta ji ba, tashi ta yi sarai tana yi musu hidima.

To, kai fa? Bara shanun maƙwabcinka sun ci maka hatsi. Ka ce ka yafe, amma har yau ka hana matarka gaida tasa a bakin rijiya. Daren yau ku karanta Matiyu 18:23-35 da iyalinka. Gobe da sassafe ka tafi gidansa.