Ɓera da Fumfunar Yauƙi: Yaya Ake Gane Hanya?

Baƙon da ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Kuyambana, ya nufi fadar Sarki ba jagora, lunguna kan rikita shi. Ɗan gari kuwa ko cikin duhu ba ya ɓata, domin taswirar garin tana kansa. To, shin dole sai da ƙwaƙwalwa ake gane hanya? Bari mu kwatanta halittu biyu.

Na farko ɓera ne, kamar irin mai nonuwa da yawa da ke shiga rumbunanmu, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, mai yaɗa zazzaɓin Lasa. A shekarar 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓeraye, kowacce ba ta motsawa sai dabbar ta isa wani wuri takamaimai. Wato ɓera, kamar ɗan gari, da taswirarsa yake yawo.

Ta biyu ita ce fumfunar yauƙi, wadda kan fito da damina a kan ruɓaɓɓen itace. Sunan fumfuna kawai ta ara, amma dangin amiba ce. Irin da aka fi nazari, Physarum polycephalum, rawaya ce, ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, ba ƙwaƙwalwa, ba ido. A shekarar 2000 Toshiyuki Nakagaki na ƙasar Japan ya sa ta cikin akwati mai lunguna, ya ajiye abinci a wurare biyu. Sai ta janye jikinta daga lungunan da ba sa ɓullewa, ta bar jijiya ɗaya a hanya mafi kusa.

Yaya ta yi haka? Jijiyar da ruwan jikinta ya fi gudana a ciki ita ke yin kauri, sauran su tsuke. Kuma takan guji yauƙin da ta bari a baya, don kada ta maimaita inda ta riga ta bincika. Ɓera a kansa yake ajiye tuni, ita kuwa a ƙasa take rubuta nata.

Aiki ga ɗalibai: ku zana hanyoyi uku daga gida zuwa makaranta, ku auna kowacce da taku. Wacce sawun jama'a ya fi dakewa, kuma me ya sa?